Buzu Ɗaya a Kati Goma Sha Ɗaya

Yaran da ke ɗaukar fasfo yanzu a bakin sakatariya suna ba ni dariya. Mutum bai gama gyara hularsa ba sun ɗaga waya, sun danna sau goma, sun zaɓi wanda ya fi, sun goge masa ƙurajen goshi, sun miƙa masa. Wani a cikinsu har ce mini ya yi wai hoto ai ba sana'a ba ce, ko akuya aka ba wa waya za ta iya. Ban yi masa musu ba, don na ga aikinsa, na kuma yarda akuyar za ta iya irinsa. Mu da muka yi aiki da fim, abin da ka danna ya dannu, ba ka kuma san me ka ɗauka ba sai ka shiga ɗakin duhu. Bari in ba ku labarin ranar da zaman wani bawan Allah a garin nan ya rataya a kan ɗauka uku da suka rage mini a kyamara.

Sunana Ɗanlami, mutumin Kafin Hausa ne ni. A Kano na koyi aiki wurin Oga Razaki, wani Bayerabe mai saurin hannu da saurin mari. Shekara biyu ban taɓa kyamara ba, aikina wanke tire da shanya hotuna a igiya. Shi ya koya mini auna lokaci ba da agogo ba: ka sa takarda a ruwan wanki, ka karanta Ƙulhuwallahu ƙafa bakwai a natse, ka cire. In ka yi karatun gaggawa hoto ya fito fari fat, in ka tsaya tajawidi ya ƙone. Da aka mai da Dutse babban birnin jiha, na ce masa zan koma gida in buɗe nawa. Ya ba ni tsohuwar kyamararsa da ƙafafunta uku da filasha, ya ce in na zubar masa da mutunci zai zo har Jigawa ya karɓe kayansa.

Shagona a unguwar Yalwawa yake, nan cikin Dutse, ɗaki ɗaya da na raba da katako, gaba wurin ɗauka, baya ɗakin duhu. Akwai benci, da madubi, da mataji, da kwat guda ɗaya da nektai da nake ara wa masu neman aikin gwamnati. Kwat ɗin nan ta shiga ma'aikatu da yawa a jihar nan, ni mai ita ko masinja ba a ɗauke ni ba.

Amma masu neman aiki na ɗan lokaci ne. Waɗanda suka riƙe ni baƙi ne. A lokacin Dutse duk gini ake yi, ko'ina ka duba bulo ne da yashi, mutane kuma suka yi ta shigowa ta Maigatari: 'yan ci-rani daga Damagaram, 'yan Chadi da yaƙi ya koro, da Buzaye da suka baro arewacin Nijar saboda fari da tashin hankali. Kowannensu sai ya riƙe katin zama, kati kuma ba ya yiwuwa sai da hoto. Dokar katin ita ce ba ta da wurin kwana. Yau a ce kwafi biyu, gobe a ce huɗu. Yau a ce farin ƙyalle a baya, gobe wanda ya je ya dawo ya ce yanzu ja ake so, alhali hoton baƙi da fari ne, ja da baƙi duk ɗaya suke fitowa. Haka na ɗauke wa maiɗakina jan zanenta na biki na kafa a bango, ta yi sati tana neman sa a gidajen maƙwabta. Ni nake karanta wa baƙin takardun, in gaya musu wace doka ce ke raye a wannan makon, wani lokaci in raka mutum har ofis don kada ya ruɗe ya ce an haife shi a inda ba a haife shi ba.

Buzu na farko da na ɗauka shi ne Malam Agali. Dogo ne, ya ba hamsin baya, gadi yake yi a wani gini da ke kallon shagona. Ya zo da matarsa Fatimata da 'ya'ya uku. Raƙumansa sun mutu a fari, ƙannensa biyu sun mutu a rikici, can inda ya baro ba abin da ya rage masa sai kaburbura. Bai cika maganar ba, ni ma ban cika tambaya ba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Ku da kuka taso yanzu kuna ganin Buzaye suna yawo da fuska a buɗe, ba za ku gane ba. Irin su Malam Agali, tun ranar da aka naɗa wa yaro rawani ya zama namiji, bakinsa ya shiga kulle ke nan. Rawanin ya rufe goshi, amawali ya rufe hanci da baki, ido kawai ake bari. Shekara huɗu muna shan shayi tare da shi da la'asar a ƙofar shagona, ta ƙarƙashin amawali yake zura ɗan kofin, ban taɓa ganin ko leɓensa ba. Haka na ɗauke shi hoton farko, a rufe, aka kuma karɓa, don a lokacin ba wanda ya damu.

Sai muguwar shekara ta zo. Mai ya yi wuya, mota zuwa Kano sai wane da wane, fim ya yi tsadar da in ka tambayi kuɗinsa sai mai kanti ya fara yi maka jaje. Ina zaune wata rana ina kallon tsohon fim ɗin Malam Agali a hasken taga, Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni a kan benci. Ya ce, Ɗanlami, me ke cikin hoton nan? Na ce rawani da ido biyu. Ya ce to sauran Buzayen me suke da shi?

Daga ranar, duk Buzun da ya zo sai in zaunar da shi, in gyara masa kafaɗa, in ce kada ya ƙifta, in haska masa filasha da kyamara babu fim a ciki. Gobe ya dawo in miƙa masa Malam Agali. Ya duba, ya gyaɗa kai, wani ma ya ce na fito da shi da kyau. Ban ce na kyauta ba, faɗa muku nake yadda aka yi. Samari goma na yi wa haka, kowannensu ya samu kati, Malam Agali ya yi ta gadi a gidaje goma sha ɗaya bai sani ba.

Rana dubu ta ɓarawo. Aka kawo sabon jami'i ofishin da ke duba takardun baƙi, mutum mai gilashi da son tsari. Ya ce kowa ya kawo katinsa a sabunta. Buzayen suka je tare, ya karɓi katunansu ya jera a kan tebur, wai don ya yi aiki bi da bi. Wata Litinin da hantsi aka aiko a kira ni.

Na same shi ya dafa tebur da hannu biyu. Ya tambaye ni ko ni ne mai hoton, na ce ni ne, ranka ya daɗe. Ya ce in matso in duba. Na ce ai Buzaye akwai kama, jini ɗaya ne. Ya ce ya yarda da kamar jini, ya yarda har da kamar naɗin rawani. Sai ya ɗora bakin biro a kafaɗar hagu ta hoton farko, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ƙudan fa, Malam? Shi ma ɗan'uwansu ne?"

Wallahi shekara huɗu ina wanke hoton nan ban taɓa lura da ƙudan ba. Ga shi nan a zaune a kafaɗar mutum goma sha ɗaya, fuka-fukinsa a buɗe. Na ce ƙudan Dutse naci gare shi.

Bai yi dariya ba, bai kuma kulle ni ba, wanda har yau nake gode masa. Ya ce katunan duka sun mutu. Ya ce dama sabuwar doka ta iso: hoto sai fuska a buɗe, ba hula ba rawani, kunnuwa biyu su fito. Ranar Alhamis da azahar mota za ta tashi zuwa bakin iyaka da duk wanda ba shi da kati, kuma sunayen mutum goma sha ɗayan nan suna cikin takardarsa. Wanda ya kawo hoton gaskiya kafin lokacin, a cire sunansa. Ya dube ni ta saman gilashi ya ce tunda ni na dama, ni zan sha.

Fim ɗaya gare ni a duniya, na riga na ci fiye da rabinsa a wani taron suna. Na lissafa, saura ɗauka goma sha uku. Na tara su a shago na faɗa musu gaskiya, na kuma saurari abin da ya sawwaƙa da Buzanci, wanda ban ji ba amma na fahimta. Samarin ba su ba ni wahala sosai ba. Ɗaya bayan ɗaya suke shiga, in rufe ƙofa, mutum ya kwance rawani yana kallon ƙasa, in ce ɗago, in danna, ya mayar da sauri ya fita ba ya haɗa ido da kowa. Goma suka tafi, ɗauka uku ta rage.

Malam Agali ya ce shi ba zai buɗe ba.

Na bi shi wurin gadi ranar Talata, na bi shi ranar Laraba da safe. Na ce doka ce, ya ce ya ji. Na ce mota za ta kai shi iyaka, ya ce ya san hanya. Na ce laifina ne, ya ce wannan ma ya sani. Na kawo masa misali da likita, ya ce ba shi da ciwo. Ya ce shekara talatin da wani abu ba namijin da ya ga bakinsa, ko mahaifinsa bai gani ba har ya rasu, ba zai fara a kan mai hoton da ba ya gane ƙuda ba. Yana faɗa yana zuba mini shayi, ba fushi ba ɗaga murya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a iyalinsa sunansa kaɗai ke cikin takardar. Fatimata tana da cikin wata takwas, ba ta iya doguwar tafiya a bayan babbar mota. In aka tafi da shi, za ta haihu a kangon mutane da yara uku, ba miji ba dangi, kuma ni na jawo. Tsoro ya kama ni sosai, na kasa cin abinci.

Maiɗakina ce ta warware, bayan ta gama yi mini tas a kan ƙudan da kuma zanenta. Ta ce, kai da kake ta cewa namiji, namiji, ita matarsa ai ba namiji ba ce. Ta yafa mayafi ta tafi wurin Fatimata. Ban san me suka ƙulla ba, amma da la'asar ɗin Laraba sai ga Fatimata tafe tana dafe da ƙugu, Malam Agali na biye da ita kamar wanda za a kai wurin mai cire haƙori. A ƙofar shago ta ce masa da Hausarta ta Agadas, don ni ma in ji, ita za ta ɗauki hoton, takarda za su gani ba shi ba, kuma ita ba za ta haihu ita kaɗai ba saboda ƙyalle. Ya tambaye ni, in ka zo wankewa fa? Na ce ai shi ya sa ake ce masa ɗakin duhu, ba a ganin komai a ciki. Ya daɗe yana kallona, sannan ya shiga shagon.

Yanzu ku masu cewa akuya za ta iya, ga aikin. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta, na ɗaure su da bulo don kada ta motsa. Na zaunar da shi a benci da rawaninsa, na saita nisa a kan idonsa. Na zana da'ira da alli a bango daidai bayan kansa, na ce kansa kada ya fita daga ciki. Sai na ƙiyasta tsawon da kai zai rage in an cire rawani kamu goma, na sunkuyar da kyamarar kaɗan. Na nuna wa Fatimata maɓallin da za ta danna da ƙarfen da za ta ja bayan kowace ɗauka. Na ce mata, uwargida, uku ne kawai, in suka ƙare sun ƙare, kada ki danna sai ya zauna cak. Ta ce ta gane. Na fita na ja ƙofa, na tsuguna ina kallon ƙasanta.

Ban kai ga gyara tsugunno ba na ga haske wal. Na ce inna lillahi, ko hannu bai kai ga rawanin ba. Na ɗaga murya na ce saura biyu. Sai ƙarar ƙyalle. Can na ji takunta ta zagayo, sai wal na biyu, sai salatinta. Na ce saura ɗaya, uwargida, don girman Allah. Daga nan gardama ta kaure da Buzanci, ita tana faɗa shi yana gunaguni, har na fara tunanin in tura ƙofa in rufe idona in danna da kaina. Sai na ji ta faɗi wata gajeriyar magana da wata irin murya, na ji wani sauti da ban taɓa ji daga Malam Agali ba, haske ya biyo baya.

Ya fito a naɗe tsaf kamar ba abin da ya faru. Suka tafi, na shiga ɗakin duhu. Ɗaukar farko, Buzu ne a rufe ruf, ta goma sha biyu ke nan a tarihina. Ta biyu, hancin Fatimata ne da ido ɗaya, ta zagayo ta leƙa ta gaba don ta ga ko na'urar na aiki. Na sa ta uku a ruwa ƙarƙashin jar fitila, ban taɓa karanta Ƙulhuwallahu da tsoron Allah irin na ranar ba. A ƙafa ta huɗu kunnuwa suka fito, duka biyun. A ta bakwai ga mutum sosai, kansa a tsakiyar da'ira, yana dariya. Abin da zan faɗa muku ke nan game da fuskar, sauran ba naku ba ne.

Ranar Alhamis muka isa ofis da hantsi. Motar na tsaye a waje an sauke murfin bayanta, wasu har sun hau da ƙullin kayansu. Barandar cike take da mutane. Jami'in ya bi samarin ɗaya bayan ɗaya, ya dubi hoto, ya ce a sauke amawali, yaro ya ja ƙasa da sauri ya mayar, ya buga hatimi. Ni kuwa sai a lokacin na farga, duk dabarar da muka yi ba wanda ya tuna da wannan. Na kawo hoton gaskiya, amma wanda ke cikin hoton a rufe yake.

Aka zo kan Malam Agali. Na miƙa hoton a cikin ambulan. Jami'in ya zaro ya duba, ya ɗago.

"Baba, a sauke in gani."

Malam Agali bai motsa ba. Samari goma na mutanensa suna tsaye a bayansa. Jami'in ya sake faɗa a hankali, ya ce shi ba ya son ya sa dattijo a mota, amma ba zai buga hatimi a kan abin da bai gani ba, an riga an yi masa haka sau goma sha ɗaya. Malam Agali ya ce ya gode, ya sunkuya ya ɗauki sandarsa da butarsa, ya juya wajen motar.

Ban san sanda na dafa teburin hukuma ba. Na ce, ranka ya daɗe, a ba ni hoton. Na shimfiɗa shi a gabansa, na ɗora yatsa ɗaya a kan goshi, na ɗora biyu a kan hanci da baki, na bar ido.

"Tunda ba za a buɗe mutum ba, yallaɓai, a rufe hoton."

Ya dube ni kamar zai sa a fita da ni. Sai ya kira Malam Agali ya dawo. Ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar. Ya dubi abin da ke tsakanin yatsuna, ya dubi abin da ke tsakanin rawani da amawali, ya sake, ya kuma sakewa. Akwai wani ɗan tabo a gefen girar dama, da jijiyar da ta ratsa farin idon hagu, na ga ya tsaya a kansu. Ya jawo ɗaya daga cikin samarin ya tsayar kusa da shi, ya gwada, ya girgiza kai ya ture yaron.

"Shi ne," ya ce, ya buga hatimi. Ya manna hoton, ya ninke katin da kansa fuskar na ciki kafin ya miƙa. Ni kuma ya ce in ya sake ganin ƙuda a aikina, ni zan hau motar.

Muka fito muka bi titi a ƙasa. Motar ta wuce mu a hanya da waɗanda ba su dace ba, muka tsaya gefe har ƙurarta ta lafa. Sai da muka kusa Yalwawa Malam Agali ya tsaya ƙarƙashin wata darbejiya.

"Mai hoto, ɗakin nan naka ba shi da duhu."

Na ce akwai 'yar fitila.

"Ka gani ke nan."

Na ce na gani, Malam, amma na manta, wallahi na manta.

"Kada ka manta," ya ce. "Ba ni da wa ba ni da ƙane a ƙasar nan. Tunda ka riga ka gani, in na mutu kai za ka yi mini wanka."

Fatimata ta haifi namiji bayan sati uku, Malam Agali na tsaye a ƙofar kangon aka fito aka yi masa albishir. Ya ƙara shekara goma sha tara a Dutse, yana sabunta katinsa duk sanda doka ta juya. Ranar da ya cika, babban ɗansa ya zo shago tun kafin a sanar a masallaci. Na rufe, na wanke hannuna, na bi shi.